Yadda Yayana Ya Shegantar da Babanmu

A shekarar da mai tantance asali na Sarauniya ya zo yankinmu, yayana Gervase Pellow ya riga ya kafa garkuwa mai tambari a ƙofar gidansa. Ulun tumaki ne ya ba shi arziki, arzikin kuma ya ba shi ciwon son a ce masa ɗan manya. Duk wanda ya kafa tambari ya kasa kawo salsala, farfasa garkuwar ake yi, a kuma yi shelar sunansa ranar kasuwa. Wannan shelar ce ta hana Gervase sukuni.

Ni, da yake na yi jami'a na dawo limamin cocin ƙauye, ni ya sa na tono masa kakanni. Na tono. Makiyayi ya haifi makiyayi, har inda tunanin tsofaffi ya tsaya.

Da baƙon, wato mai tantancewar, ya zauna a zaurenmu, sai Gervase ya gyara murya. Ya ce kakarmu Sibyl ta yi tatsar madara a gidan marigayi Sir Odo, wani basaraken yankinmu, kuma babanmu, in an lura da hancinsa, ba ɗan mijinta ba ne, ɗan basaraken ne.

Goggo Avice, ƙanwar babanmu, ta dire kofin giyarta.

"Kai Gervase! Uwar tawa?"

"Goggo, ki yi haƙuri, maganar manya ake yi."

"Manyan uwaka! Matar da ko gaisuwar maƙwabci ba ta amsawa sai ta sunkuyar da kai? Hancin ubanka kuwa rago ne ya karya shi, a gabana!"

"Tsufa ne, ranka ya daɗe," in ji Gervase. "Jiya ma kare ta kira da sunana."

"Da gangan na yi, ɗan banza!"

Baƙon bai damu ba, an cika masa ciki da gasasshiyar dinya. Ya sa Gervase ya dafa littafi ya rantse a gaban shaidu, sannan ya yarje masa tambarin Sir Odo, da layi a karkace irin wanda ake ja wa shegu. Gervase har da ƙwalla don murna.

Goggo ta juyo kaina.

"Kai mai karatu, a dokar ƙasar nan shege yana gadon gona?"

Na ce ba ya yi.

"To makiyayar da tumakinka ke ci ta ubana ce, kuma da bakinka ka ce ni kaɗai ya haifa. Ka kwashe su kafin Lahadi, ya mai girma."

Gervase ya daka tsalle ya ce wasa yake yi, a soke rantsuwar. Baƙon ya ce ana iya sokewa, amma wanda ya yi rantsuwar ƙarya kunnensa ake kafewa da ƙusa a jikin katako. Gervase ya shafa kunnensa, ya koma ya zauna.