Kadan da Aka Sa wa Hawaye

Ranar da littafin ya iso Dutsin-Ma daga maɗaba'a, Malama Yahanasu ko bangonsa ba ta duba ba. Shafi na goma sha bakwai ta buɗe, inda ta ba da labarin mahaifinta, sarkin ruwan Birchi, da kadan tafkin da ya shekara talatin yana lura da shi. Don wannan shafin ta yarda ta yi littafin tun farko.

Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau, ta aika a kira Hadi, tsohon ɗalibinta da ya tace rubutun ya kai aka buga.

"Wa ya sa wa kadana hawaye?"

"Adon magana ne, Malama. Hawayen kada, alamar yaudara. Duk marubuta na amfani da shi."

"Marubutan da ba su taɓa ganin kada ba. Wa ya yaudara? Mata na wanki a bakin tafki, shi yana kwance yana shan hantsi, ko ɗan akuya bai taɓa ja ba. Mutane suka ce aljani ne mai tsaron gari. Wannan ma ban yarda ba. Baba ne ke jefa masa kifi ya ƙoshi, abin da na rubuta ke nan. Kai kuma sai ka share, ka mai da shi munafuki." Ta dangwala yatsa a kan hoton da aka sa a shafin. "Wannan mai faffaɗan baki kamar silifa fa?"

"A waya na samo shi. Aligeta ne. Ƙamus ya ce shi ma kada ne."

"Ƙamus ya ce! Namu bakinsa tsini gare shi, ko ya rufe, haƙorin ƙasa na waje. Wannan baƙon ko hanyar dam ɗin Zobe bai sani ba."

Hadi ya sosa ƙeya. Kwafi ɗari uku aka buga, ƙaddamarwa ranar Asabar a Kurfi, katin gayyata ya riga ya zaga gari. Babu halin sake bugu.

Malama ta daɗe tana kallon kwalayen littattafan. Can ta jawo jakarta, ta zaro jan biro.

"Buɗe shafin, ka riƙa miƙo min ɗai-ɗai."

"Malama, ɗari uku ne fa."

"Na yi makin da ya fi haka, har da naka."

Ta soke layin hawayen, ta rubuta a gefe: Bai yi kuka ba, ƙoshi ya yi. A ƙarƙashin hoton kuma: Ba shi ba ne.

Da aka kira la'asar, kwafi arba'in da ɗaya ta gama, wuyan hannunta na zogi. Ta yarfa shi, ta yi tsaki.

"Miƙo."