Gaɓar Leburorin Baba

Babana ya ƙare ƙuruciyarsa a kan motar haƙa a kamfanin fasa dutse, kuma abin da ya kawo gida daga can shi ne tari da labarin tsuntsaye. Tarin muka saba da shi. Labarin tsuntsayen kuwa Umma ta ce ko a barci aka tashe ta za ta iya biyawa.

A bayan ramin da aka daina aiki akwai wani tudun yashi da aka yasar. Wata shekara Baba ya yanki gefensa da bokitin motar, ya bar shi a tsaye kamar bango, sai ga wasu ƙananan tsuntsaye masu koren baya da jan wuya sun zo suna haƙa ramuka a jiki suna ƙwai. Jami'ar muhalli ta kamfanin ta gani, ta sa aka kewaye wurin da igiya, aka hana tifa bi ta nan. Daga nan ya zama ƙa'ida: kowace shekara, kafin su iso, Baba zai kankare fuskar wannan gaɓar yashin ya fito da sabon yashi mai laushi. Abokan aikinsa suka sa wa tsuntsayen suna leburorin Baba, wai su kaɗai ne a kamfanin ke haƙa ba a tsaye a kansu.

Da ƙurar dutse ta gama cin ƙirjinsa, ya ajiye aiki ya kwanta. Likita bai ɓoye mana komai ba. Baba bai roƙi komai ba sai abu ɗaya, a kai shi ya ga dawowar leburorinsa ko da sau ɗaya ne.

Maganar ta kai kunnen Baba Dogo, amininsa, wanda ke shugabantar masu loda tsakuwa. Ya je ya duba gaɓar, ya tarar ruwan sama ya zaizaye ta, gefe ɗaya ya zube. Ga mutumin da ya yi rayuwarsa cikin dutse, bangon da ke zubewa abin kunya ne. Jami'ar tana hutun haihuwa, ba wanda ya ga dalilin damun mai jego. Shi da mutanensa suka haɗu ranar hutunsu, suka jera duwatsu a fuskar gaɓar, suka bi da kankare, suka shafe sumul. Har ƙofofi suka bar wa tsuntsayen, da guntayen bututun roba, a jere kamar tagogin makaranta. Ba wanda ya biya su, don Baba suka yi. Wannan ne ma ya hana ni jin haushinsu yadda nake so.

Ranar da aka ce an ga tsuntsayen, ni na kai Baba a motar maƙwabcinmu. Na shimfiɗa masa bargo a kujerar roba, ma'aikata suka tsaya a bayansa da hulunan kwano a hannu, kowa na jiran ya ga fuskarsa. Baba ya kalli bangon, ya daɗe yana kallo.

Suka iso kuwa, garke guda, suna wannan kukan da yake kwaikwaya mana muna yara. Suka nufi gaɓar. Ɗaya ya maƙale a jiki ya kai baki, ya zame. Wani ya leƙa bututu ya ja da baya. Suka yi ta shawagi suna dawowa, suna dukan siminti da baki, har muna jin ƙarar daga inda muke. Can suka taru a kan igiyar, suka tashi gaba ɗaya suka bi bayan tudu.

Baba Dogo ya durƙusa gefen kujerar.

“Mutumina, ɓarna muka yi ko?”

Baba ya jira tarin ya lafa, ya dafa kafaɗarsa.

“Aiki ya yi kyau, Dogo. Wannan ba abin da zai rushe shi.”

Sannan ya ce a ba shi makullin motar haƙa. Aka kawo. Na riƙe shi har gindin motar, ya ɗora ƙafa a matakin farko, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. Ya tsaya riƙe da ƙarfen yana haki, ni kuma na juya baya don kada ya ga ina kuka.

Washegari Baba Dogo da mutanensa suka fasa bangon da hannunsu, amma tsuntsayen sun riga sun sami wani wuri a wannan shekarar. Baba bai kai ƙarshen damina ba.

Bana jami'ar ta kira ni ta ce sun dawo. Na je. Baba Dogo ne ya yanki gaɓar, a karkace, yashin na ta zuba, ramuka sun cika ta. Na same shi zaune a ƙasa kusa da igiyar. Ya kawo kujerar robar nan ya ajiye a gefensa, bai hau ba.