Wakilin da Aka Biya wa Tafi

Da aka zaɓi Daudu ya wakilci jiharmu a taron Ƙungiyar Jihohi Masu Burtali, baffansa ne ya fi kowa murna. Can bayan Gwiwa, a bakin iyakar jiha, wasu sun nome hanyar shanu kaf. Garken tsohon ya maƙale, shanu sai ramewa suke.

"Kai dai ka faɗa musu," in ji Baffa.

A Kazaure aka yi taron. Daudu ya sha babbar riga, ya zauna, ya ɗaga hannu. Sai sakatariyar ƙungiyar, Hajiya Muhsina, ta lallaɓo ta sauke masa hannun a hankali.

"Ranka ya daɗe, jiharku ta biya kuɗinta tsaf. Amma kwamiti ya raba wakilci hawa-hawa. Naku ya ƙunshi kujera da ruwan roba da tafi."

"Magana fa?"

"Hawa na gaba ke nan. Sai kasafin baɗi."

Ni dai ban taɓa jin wauta irin wannan ba, amma sauran wakilai ko a jikinsu. Wakilin da ke kusa da Daudu ma jiharsa tari kawai ta biya masa, kuma wallahi yana ta yin abinsa bil haƙƙi.

Aka kawo ƙudurin farko: tunda burtalin Gwiwa ya riga ya zama gona, a soke shi, a kafa allon zumunci a wurin. Ran Daudu ya ɓaci. Ya cusa hannuwansa cikin riga ya ƙanƙame.

Hajiya Muhsina ta dawo da masu gadi biyu.

"Ba a yin haka, ranka ya daɗe. An biya tafin nan da kuɗin talakawa. In ka ƙi yi, almubazzaranci ne."

Suka zaro masa hannuwa. Don haushi ya shiga bugawa kamar mai kashe sauro, yana fata ƙarar ta hana a ji ƙudurin. Shugaban taron ya ji daɗi, ya ce a rubuta cewa jiharmu ta fi kowa goyon baya.

Washegari Daudu ya isa ruga, tafin hannunsa a kumbure. Baffa na zaune, jikokinsa sun riga sun nuna masa taron a waya.

Daudu ya durƙusa. "Baffa, wallahi hana ni magana aka yi."

Tsohon ya dubi shanunsa, ya ce:

"Mun gani. Amma ko wanda ya nome burtalin bai yi murna kamarka ba."