Daƙiƙa Goma na Muryar Opal

Delbert Sizemore ya ɗora rakodar a kan kantar ofishin makaranta, ya goge ta da gefen rigarsa. Irin ta dā ce mai cin kaset, wadda ya tsinto a kasuwar gwanjo tare da wani agogon bango da ke tafiya da baya. Tun da safe ya sa mata sababbin batura, ya gwada ta da tari, ta maido masa tarinsa daidai.

Lorna Haskins, sakatariyar makarantar, ta dubi rakodar ta saman tabarau.

"Mista Sizemore, daga wane kabari ka tono wannan?"

Ya ce ba zai ɓata musu lokaci ba. A kunna masa Zomo kawai, ya ɗauki abin da ya zo ɗauka ya tafi.

Zomo shi ne sunan da yaran garinmu suka sa wa manhajar koyon karatu da ke cikin ƙananan kwamfutocin da aka raba musu. Wani zomo ne rawaya mai tabarau. Yaro ya yi karatu da ƙarfi, shi kuma ya saurara, in an faɗi daidai ya ɗaga kunne, in an yi kuskure kunnen ya faɗi. Ba ya mantuwa, duk abin da aka karanta masa yana ajiyewa. Shekara uku Opal, jikar Delbert, tana yi masa karatu, kafin sanƙarau ya ɗauke ta a watan Fabrairu tana da shekara takwas. Hotunanta suna nan a jikin firji, amma muryarta babu ko'ina a gidan, don wayar tsohon ba ta san komai ba sai kira. Ranar jana'iza malamar ajinsu ta ce masa duk ranar da zuciyarsa ta iya ɗauka ya zo, za ta kunna masa. Sai yanzu a Oktoba zuciyar ta yarda.

"Da makon jiya ka zo," in ji Lorna.

Ta yi masa bayani a hankali, kamar mai cire ƙaya. An sayar da kamfanin da ya yi Zomo, sababbin masu shi kuma sun sauya ƙa'ida ranar Litinin. Yanzu babu malamin da zai iya buɗe muryar yaro, wai don kare sirrin yara. Shugaban makaranta ya buga musu waya, na'ura ta amsa, ta ce makarantar da ba ta amince ba za a rufe mata darussan gaba ɗaya. Yara ɗari uku, tsakiyar zango. Ya amince. Sannan yau Juma'a da ƙarfe biyar za a rufe ajiyar duk yaran da suka bar makarantar.

"Opal ba ta bar makaranta ba."

"Na sani. Fom ɗinsu ba shi da gurbin rasuwa. A jerin waɗanda suka yi ƙaura suka sa ta."

Mutum ɗaya ne zai iya shiga kafin biyar: wanda ya sa hannu a takardar amincewa, da fuskarsa a gaban waya da lasisinsa na tuƙi a hannu. Lorna ta jawo fayil ta buɗe, ta juyo masa da shi. Tawny Sizemore, uwa. Harufa manya, a karkace, kamar shingen da iska ta tura.

"Ai rubutuna ne," Delbert ya ce.

"Har kifin can ya san rubutunka ne." Ta nuna wani jan kifi mai ido ɗaya da ke yawo cikin gilashi. "Shekara huɗu muna kau da kai. Amma su fuska suke so, kuma taka ba ta yi kama da Tawny ba."

Ta buga masa wata takarda mai murabba'in baƙaƙen ɗigo a tsakiya, ta ce a nuna wa waya. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba.

Tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota zuwa ƙetaren kogi, inda Tawny ke aiki. Ya kwantar da rakodar a kujerar gefe ya ɗaura mata bel, kamar yadda yake ɗaura wa Opal. A kan gada ya ga takalmin mutum ƙafa ɗaya a gefen titi. Duk rayuwarsa yana ganin irin wannan, bai taɓa ganin biyu tare ba, bai kuma taɓa haɗuwa da mai tafiya da ƙafa ɗaya a takalme ba. Shi mai gyaran tsofaffin rediyo ne, kuma ya daɗe da yarda cewa murya ba ta mutuwa, sama take tashi ta yi ta yawo har ta sami eriyar da za ta sauka. In yana murɗa rediyo tsakanin tasha da tasha yakan tsaya ya kasa kunne. Tun Fabrairu bai ji komai ba sai shuuu.

'Yarsa Tawny ta ajiye masa yarinyar tana da shekara huɗu, da kayanta a cikin ledar shara, ta bi ƙwaya. Bai je kotu ya karɓi takardar riƙo ba, don yana tsoron ma'aikatan kula da yara su zo su ga tsoho mai shekara saba'in da bai gama aji bakwai ba, da ɗaki cike da matattun rediyoyi, su tafi da ita. Saboda haka duk takardar da ta zo daga makaranta sai ya rubuta sunan Tawny, a ƙasa ya sa lambar wayarsa. Da Tawny ta bar ƙwaya ta sami aiki, sau biyu tana zuwa ganin 'yarta. Sau biyu yana tsayawa a bayan ƙofar raga yana ce mata ta ƙara shekara tukuna. Ranar da Opal ta faɗi a aji aka kira lambar uwa, ta yi ƙara a aljihunsa. Kwana uku a asibiti yana cewa gobe zai kira Tawny, in yarinyar ta ɗan farfaɗo. A rana ta huɗu ya kira.

Uku da rabi ta wuce lokacin da ya isa masana'antar wankin zannuwan asibiti. Ya same ta a baya, kan benci, da raga a gashinta da sigari a hannu. Tururi na fita daga bututu yana warin sabulu. Matan da ke tare da ita suka dube shi, suka dubi rakodar, suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya mutu yau, Baba?" ta ce. "Ai kai ba ka nemana sai da gawa."

Ya tsaya a rana ya faɗa mata komai: Zomo, da kamfanin, da ƙarfe biyar. Ya miƙa mata takardar. Ta warware ta, ta daɗe tana kallon ɗigon.

"Yau kuma fuskata ake so? Ba ka iya zana ta ba, yadda ka iya zana sunana?"

Ta taka sigarin, ta ciro waya ta haska takardar. Wayar ta ce ta juya hagu, ta juya. Ta ce ta ƙifta ido, ta ƙifta. Ta nuna lasisi gaba da baya. Sai ga zomon ya fito yana ɗaga kunnuwa biyu, yana yi wa uwar Opal barka da zuwa.

Jeri ne mai tsawo, kowane layi da kwanan wata da sunan labari. Kwaɗo Ya Sayi Hula. Jirgin da Ya Ƙi Tashi. Ta yi ta ja da yatsa bai ƙare ba. Delbert ya leƙa ta kafaɗarta yana neman inda ake dannawa a ji, babu. Ta karanta masa abin da aka rubuta a ƙasa: iyaye ba sa iya saukewa ko saurare. Zaɓi biyu ne, a goge, ko a bar wa kamfani ya riƙe. Amma kafin a zaɓa za a kunna daƙiƙa goma, sau ɗaya tak, don uwa ta tabbatar muryar 'yarta ce.

Ya danna jan maɓallin rakodar. Kaset ya fara juyawa.

"Ki sa a lasifika, Tawny. Mu ji tare."

"Ta iya karatu?"

"Ta fi ni."

"Wannan ba yabo ba ne, Baba."

"Don Allah, 'yata. Daƙiƙa goma ne kawai."

Ta dube shi kamar yadda ya dube ta ta bayan raga. Sannan ta danna, ta manna wayar a kunnenta, ta toshe ɗaya kunnen da yatsa, ta juya masa baya. Ya ɗaga rakodar har kusa da wuyanta. Injinan ciki suna ta ruri. Ya ga kafaɗunta sun ɗaga sun tsaya a can sama, ba su sauko ba sai da ta sauke wayar.

"Tana fito in tana magana," ta ce, ba ta juyo ba.

"Giɓi ne. Haƙoranta biyu na gaba sun fita."

"Ba ka gaya mini sun fita ba."

Ya ce ta bar wa kamfanin muryar. Ya ce ko shi bai ji ba, ko ita ba ta sake ji ba, aƙalla muryar tana wani wuri, a cikin wani akwati, kuma abin da ke wani wuri wata rana yana iya sauka. Ya fara yi mata bayanin eriya. Ta katse shi.

"An gama ajiye ta a hannun waɗanda ba su haife ta ba."

Ta danna gogewa. Zomon ya tambaya ko ta tabbata. Ta danna kuma.

"Wannan karon da hannuna na sa."

Wani rubutu ya fito. Ta karanta shi a fili, da muryar mai karanta takardar magani. Kamfanin yana godiya. An cire muryar daga ajiyar iyali da ta makaranta. Amma abin da aka riga aka zuba wajen koya wa Zomo magana da muryar yara ya gauraye da na sauran, ba ya rabuwa, zai ci gaba da zama mallakar kamfani.

Ta sake karantawa a zuci, leɓɓanta na motsi. Sai ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ashe mu kaɗai aka goge wa."

Aka buga ƙararrawar komawa aiki. Ta gyara ragar gashinta, ta ajiye takardar mai ɗigo a kan benci, ta shige cikin tururi. Ba ta yi sallama ba, shi ma bai kira ta ba. Sai da ƙofar ƙarfen ta rufe ya tuna bai kashe rakodar ba.

A cikin akori-kurarsa ya ɗaga gilasai, ya mayar da kaset baya, ya kunna. Ya ji rurin injina. Ya ji muryar wani tsoho yana roƙo, ya ɗan jima kafin ya gane tasa ce. Ya ji Tawny ta ce wannan ba yabo ba ne, tsohon ya sake roƙo. Daga nan babu mai magana. Ya ƙure ƙara, ya kafa kunne a jikin lasifikar har ƙarfen ya yi masa shaida a kumatu. Ruri, da numfashin mace da aka riƙe, sannan wani abu siriri can ƙasa, wanda zai iya zama fito, zai kuma iya zama bututun tururi.

Ya mayar baya ya sake ji. Ya sake. Agogon motar ya nuna biyar, ya wuce.

Ya ciro kaset ɗin, ya laluba ya sami biro a aljihun mota. Ya jingina shi da sitiyari, ya rubuta Opal a kan farar takardar, harufa manya, a karkace.