Ɗan Ƙwaya

Tela ya tuɓe takalminsa a ƙofar falon surukinsa, ya yi sallama, ya durƙusa. Tsohon yana zaune a doguwar kujera, babban ɗansa kuma yana tsaye jikin taga, hannuwa harɗe a ƙirji. Daga bayan labulen ɗakin ciki ana jin motsin kwanuka. Ya san mai motsin. Matarsa ce, wadda ta kwashe kayanta da 'yarsu ta dawo gidan ubanta, kuma dominta ya bar shago a rufe da safiyar nan.

"Ka zo ɗaukar matarka ke nan," in ji tsohon.

"Na zo ba da haƙuri, Baba."

Tun yana yaro Guguwa ake ce masa, kuma sunan bai zalunce shi ba. Zai fara yanka riga ya bar ta ya koma kan wando, ya birkita shago yana neman almakashi alhali yana hannunsa. Magana kaɗan za ta taɓa shi ya yi ta faɗa har maƙwabta su leƙo, a jima kuma ya dawo yana ba da haƙuri, kunya kamar ta kashe shi. Sai da furfura ta fara fito masa sannan wata likita ta zaunar da shi, ta ce abin nan yana da suna, ADHD, kuma manya ma suna fama da shi: hankali ba ya zama wuri ɗaya, fushi kuma yana riga tunani isowa. Ta rubuta masa magani, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Ranar da ya fara gama riga daga yanka har maɓalli bai tashi ba, sai da ya yi hawaye a kan keken ɗinki.

Bakinsa ne ya ja masa. Yayan matarsa ya zo gwada kaya, ya ga kwalbar a kan tebur ya tambaya, Tela kuwa ya amsa cikin sakin jiki: "Ƙwayata ce, in ban sha ba ba na iya aiki." Shi ke nan fa! Kafin yamma magana ta zagaye dangi, wai mijin yarinyar nan ɗan ƙwaya ne, da bakinsa ya faɗa. Abin ya yi masa ciwo. Ya juye maganin a bayan gida, matarsa tana riƙe da rigarsa tana cewa, "Don Allah kar ka zubar."

Ba a daɗe ba Guguwa ya dawo. Ya ƙona yadin mutane da dutsen guga, ya manta da 'yarsu a makaranta har maigadi ya rako ta gida. Da matar ta yi magana, ya maka faranti da bango. Yarinyar ta shige ƙarƙashin gado ta ƙi fitowa. Washegari ya tarar da ɗaki babu kowa.

"Abu ɗaya nake so," in ji tsohon. "Ka rantse ka daina shan abin nan, kuma ba za ka koma ba. In ka rantse, tafi da iyalinka yanzu."

"Rantsuwar ɗan ƙwaya?" Yayan ya yi tsaki. "Haba Baba! Dubi ƙafarsa yadda take rawa. Wallahi ko yanzu a buge yake."

Zafin ya taso masa daga ciki, ya hau wuya, kunnuwansa suka ɗauki ɗumi. Amsa ta riga ta zo bakinsa, mai kaifi, wadda za ta raba zumuncin nan har abada. Ya dafe gwiwarsa, ya danna tafin ƙafarsa a ƙasa kamar yadda likita ta koya masa, ya ce a zuciyarsa: fushi ne wannan, kuma zai wuce.

"Baba, ku yi mini izini in ɗan fita. Yanzu zan dawo."

"Ka gani ko? Za a je a ƙara ɗaya," in ji Yayan.

A tsakar gida ya buɗe famfo, ya tara hannuwansa, ya wanke fuska. Tsoro yake ji, tsoro sosai, don rantsuwar mai sauƙi ce, kalma biyu shi da iyalinsa su wuce gida tare. Amma jiya ya koma wurin likita, kuma yau da safe ya haɗiyi maganin. Ba domin maganin ba, da yanzu ana raba shi da Yaya a tsakiyar falo. Ya tsaya har numfashinsa ya daidaita, sannan ya koma ya durƙusa inda ya tashi.

"Baba, ba zan iya rantsewa ba."

Tsohon ya gyara zama. "Me ka ce?"

"Ina sha. Yau ma na sha, gobe ma zan sha. Magani ne, likita ce ta rubuta, in kun yarda zan kai ku ku ji daga bakinta. Lokacin da na fasa farantin nan ba na sha, Baba. Na daina ne don kada a ce da ni ɗan ƙwaya, sai na tsorata 'yata. A kira ni duk sunan da aka ga dama. Amma in na rantse muku na daina, wancan mutumin za ku mayar wa 'yarku."

"Kun ji ko!" in ji Yayan. "Ya ma ƙi dainawa!"

Tsohon bai kula shi ba. Ya daɗe yana kallon Tela, fuskarsa a ɗaure. "To ni ban san wannan ciwon ba," ya ce a hankali. "Kuma ban ce na yarda ba."

"Na sani, Baba."

Tela ya sunkuyar da kai, ya dafa ƙasa zai tashi. Motsin kwanukan nan ya ɗauke tun ɗazu, bai lura ba. Sai ya ji muryar matarsa daga bayan labule, ƙasa-ƙasa, tana magana da yarinyar.

"Ke, ina ɗaya takalmin naki? Nemo shi maza, babanki na jira."