Randar Baba Maharazu

A gafarce ni da na ɗauki biro alhali ga manya masu baki. Wannan ne rubutuna na fari, in an ga kuskure a rufa mini asiri.

Murja na tsaye bakin zaure da kwanon kunu sa'ad da aka sauko da maƙwabcinsu Baba Maharazu daga motar da ta maido shi Mawashi daga asibitin Kankia. Ƙafafunsa sun kumbura har silifa ta ƙi shiga. Likita ya ce ƙoda ce, a wuce da shi Katsina, shi kuwa ya ce a wuce da shi gida. Zamansa ke da wuya bisa tabarma ya nemi ruwa, ya ce ba na leda ba, na randarsa.

Kaf unguwar babu wanda bai san randar nan ba. Shekara talatin Baba ya yi yana wanke kwalabe a ɗakin gwajin wata sakandare. Da ya aje aiki ya dawo gida, sai ya tarar masu feshin gona na ɗauraye tankunansu a tafkin da ake ɗiba in famfo ya lalace, ga kwaɗi sun yi rigingine a gefe. Sai ya ɗora tukwane uku bisa juna, ta tsakuwa, ta yashi, da ta gawayin totuwar masara da ya ƙona da hannunsa. Ruwa ya shiga kamar kunun kanwa, ya ɗiga cikin randa garau. Duk mai gardama, a gabansa Baba ke shanye moɗar farko. Shekara huɗu ke nan bai canza gawayin ba, yakan ce gawayi kamar tukunyar miya ne, sai ya tsufa yake sanin aikinsa.

Wata uku da suka wuce Murja ta ci karo da wata mujalla a laburaren makarantarsu. An rubuta cewa gawayi irin na gida riƙe guba kawai yake yi, ba ya kashe ta, in ya ƙoshi kuma sai ya bari ta wuce. Wanda ke wargaza ta sai an sarrafa shi a ɗakin gwaji an haɗa da wani sinadari. Sau uku ta karanta shafin. Tun ranar take kai maganar har ƙofar Baba, ta gaishe shi, ta dawo da abarta. Mutumin da ya koya mata karatun boko tun kafin a sa ta aji ɗaya, yake kiran ta Likita, da wane baki za ta gyara masa?

Kwana uku da dawowarsa, matarsa Inna Hadijatu ta miƙa wa Murja moɗa ta kai masa. Ta durƙusa ta miƙa masa.

"Baba, gawayin nan, ba a canza shi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Likita ta fara duba mu. Ɗiyata, leƙa ki gaya mani, mi kika gani ciki?"

"Ban ga komi ba."

"To, kin gani."

Ya kafa kai ya shanye. Inna Hadijatu daga bakin murhu ta ce a bar shi da randarsa, ai ita ko zazzaɓi take yi ba ya leƙa ta sau biyar a yini kamar yadda yake leƙa tukwanen nan.

Murja ta koma gida ta zayyane wa mahaifiyarta komai. Uwar ta aje muciya ta tambaye ta, shin so take ta je ta ce wa mai jinya shi ya shayar da gidansa guba? Ta ma tabbata ruwan ne? In an bar randar, ɗanyen tafki za a koma sha?

Ranar Alhamis bayan azahar Baba ya cika. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, gida ya cika da mata. Kowa ta zo gaisuwa sai an ba ta moɗa, ta sha ta ce Allah ya kai ladan kabarinsa, ya bar sadaka mai gudana. Wata ta goya jaririnta ta ɗura wa na yaye. Inna Hadijatu na share ido da gefen mayafi tana faɗin ita da rai babu mai taɓa gawayin nan, yadda hannunsa ya jera shi haka zai zauna.

Murja ta buɗe baki za ta yi magana. Aka ɗaga hannu za a yi fatiha, ita ma ta ɗaga.

Da aka shafa ta zagaya bayan ɗaki inda tukwanen suke ƙarƙashin darbejiya. Ta karkata randar a hankali, ruwan ya bi gindin itacen, ƙasa ta shanye shi ba ko ƙara. Tana mayar da murfi ta jiyo ƙarar bokitai a zaure, 'yan matan unguwa sun iso da sabon ɗiba daga tafki. Ta ja hijabinta ta bi ta ɓular danga, takalminta a hannu.