Gidan da Auta Ya Cika da Lambobi

Auta yana kan bencin asibiti, ido a rufe, leɓensa na motsi, sai Yaya ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Malam mai lambobi, dawo duniya. Inna ta farka, ta ƙi cin abinci."

Saura kwana biyu gasar hadda, inda ake miƙa wa mutum takarda cike da lambobi, ya duba minti biyar, a karɓe, ya rubuto su a jere. Dabarar da koci ya koya masa ba ta da wuya. Kowace lamba tana da surarta: sha huɗu akuya ce, sittin wuƙar mahauci, talatin da bakwai mutum marar kai. Sai ka zaɓi gidan da ka sani kamar yunwar cikinka, ka bi shi a zuci, kana ajiye surorin ɗaki ɗaki. Koci ya ce abin da ya fi muni shi ke zama a ka, a sa jini, a sa wuta. Ya kuma ce a riƙa sauya gida, a bar kowanne ya huta.

Auta bai sauya ba. Tsohon gidansu ya fi masa sauri, wanda aka rushe shekara shida da suka wuce aka shimfiɗa titi a kai. Ko hoto ɗaya ba su da shi. Tun da mantuwa ta kama Inna ta daina gane Yaya, amma in Auta ya zagaya da ita gidan nan da baki, sai ta natsu ta karɓi cokali. Wata uku rabon da ta nemi hakan.

"Kai ni gida," Inna ta ce da ya zauna a bakin gadonta, tana laluben hannunsa.

"To, Inna. Ga mu a ƙofa. A bayan ƙofar kuma akwai…"

Ya leƙa bayan ƙofar. Akuya ce rataye a wurin, tana ɗigar da jini. Ya ture ta a zuci, wata ta maye gurbinta. Ya san akwai wani abu a nan da, abin da Baba kan taɓa kullum kafin ya fita. Ya dubi Yaya.

"Kada ka kalle ni," ta ce. "A hannun Goggo na tashi. Kai ne ɗan gida."

Ya wuce kicin, wuƙaƙe sun cika tukwane. Ya tura ɗakin Inna. A bakin taga ya hango keken ɗinki, baƙi, tsaf da shi. Ajiyar zuciya ta ƙwace masa.

"Ga kekenki na ɗinki, Inna, a bakin taga."

Yaya ta sunkuyo kusa da kunnensa. "Kai, Inna ba ta taɓa ɗinki ba. Ko maɓalli tela take kai wa."

Sai ya tuna. Keken ɗinki surar lamba hamsin da biyu ce.

Ya buɗe baki zai gyara, amma fuskar Inna ta riga ta washe.

"Ƙwarai kuwa, kekena," ta ce. "Allah ya yi maka albarka, har na manta da shi." Ta buɗe baki, Yaya ta sa mata cokali. Ta haɗiye, ta ƙara damƙe yatsunsa. "Sai ina kuma?"

Saura ɗaki huɗu. Auta ya san abin da ke zaune a kowanne. Yaya ta cika cokali na biyu, ta tsaya tana jiransa.

"Sai ɗakin Baba," ya ce a hankali.